Kafin Ka Sauya Wa Tsohuwar Motar Gudu Wili da Taya

Duk wanda Allah ya haɗa shi da tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu, irin ƙirar shekarun 1960 da 1970, da zarar ya gama da inji da fenti, sai hankalinsa ya koma kan ƙafafunta. Ya dubi wilin ya ga ya yi masa ƙanƙanta, tayar kuma ta cika tudu, ga motocin zamani suna wucewa da manyan wili masu ɗaukar ido. Daga nan sai kasuwa. A nan ne mutane da yawa ke lalata tuƙin motar da kuɗinsu, garin neman gira su rasa ido.

Shawarar da zan bayar ba ta da tsawo. Abubuwa biyu ne aka gina irin wannan mota a kansu: tsayin taya gaba ɗaya daga ƙasa zuwa samanta, da kuma daidai inda wili ke zama a cikin madigadi. Waɗannan biyun ka bar su yadda masu ƙera motar suka ajiye su. A sauran abubuwa akwai ɗan sarari, amma shi ma da awo.

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki mota ɗaya: Marsandi SL ƙirar R107, wadda kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera a Jamus daga 1971 zuwa 1989, mai lambobi irin su 350SL, 450SL, 500SL da 560SL. Lissafin da za mu yi a kanta zai yi aiki a kan kowace tsohuwar motar gudu, lambobin ne kawai za su sauya.

Fara da karanta gefen taya

SL masu injin V8 na shekarun 1970 sun fito daga masana'anta da taya 205/70 R 14. Tsuguna ka dubi gefen tayar, za ka ga rubutun a jere. Lamba ta farko, 205, faɗin tayar ke nan da milimita. Ta biyu, 70, ita ce ke rikita mutane, domin ba milimita ba ce: tana nufin tsayin gefen tayar kashi 70 ne cikin 100 na faɗinta. Harafin R na nuna irin saƙar cikin tayar, wato radiyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Ta ƙarshe, 14, girman wili ne da inci.

Yanzu ɗauko wayarka ka buga. Kashi 70 na 205 ya ba ka milimita 143.5, tsayin gefe ɗaya ke nan. Akwai gefe a sama, akwai a ƙasa, saboda haka ka ninka biyu, 287. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wili mai inci 14 ya zama 355.6. Haɗa su, ka samu kusan milimita 643. Wannan lambar ita ce ma'auninka. Rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, kowace taya aka nuna maka ka yi mata irin wannan lissafin ka gwama su. Masu sana'ar sun saba da ƙa'idar kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, kuma in ka iya tsayawa ƙasa da kashi 2, ya fi.

Dalilin wannan tsanani shi ne maleji da giya duk juyin taya suke ƙirgawa. In tayar ta fi ta asali tsayi da kashi 4, maleji na nuna maka 100 alhali kana kan 104, motar kuma ta yi nauyin tashi kamar an ƙara mata kaya. In ta gaza, inji ya riƙa ihu a babban titi yana shan mai a banza, cikin motar ya matso ƙasa, duk wani tudun rage gudu ya riƙa gaisawa da salansa.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi, misali 95H. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, 95 na nufin kilo 690. Harafin kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce. Ba sai ka taɓa kure maleji ba, domin tayar da aka yi wa babban gudu ita ce ta fi jure zafi, kwaltar watan Afrilu da tsakar rana kuwa ba ta yi wa roba da sauƙi.

Abin da kamfanin ya yi da kansa

Matsalar gaskiya da masu wannan mota ke fuskanta ita ce 205/70 R 14 ta yi ƙaranci a kasuwa, domin motocin yanzu sun bar wannan girman. Amsar tana cikin tarihin motar. A ƙarshen 1985 Mercedes ya sabunta SL, ya ƙara girman birkin gaba, ya koma wili mai inci 15 da taya 205/65 R 15. Buga lissafin: milimita 647.5. Bambancinta da ta farko bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wili ya ƙaru da inci ɗaya, gefen taya ya ragu da milimita 10, faɗi bai motsa ba, tsayi ya tsaya kusan inda yake. Ita kuma 205/65 R 15 ba ta wuyar samu, tun da motocin Japan da yawa sun yi amfani da ita.

Saboda haka in motarka ta kafin sabuntawar ce kuma ka rasa tayar inci 14 mai kyau, hanya mafi aminci ita ce ka bi sawun kamfanin. In ta bayan sabuntawar ce, kamar 560SL, kada ka yi tunanin komawa inci 14, domin wilin ba zai wuce kan babban birkin ba.

Wanda ya nace sai inci 16, lissafi ya fi yarda da 215/55 R 16, wadda tsayinta ya yi daidai da na asali, milimita 643. Daga inci 17 kuwa magana ta sauya. Taya 225/45 R 17 tsayinta 634 ne, a takarda ta shiga ƙa'ida, amma gefenta milimita 101 kacal, an zabge fiye da 40 daga abin da motar ta saba da shi.

Tarkon tayar bas

Ga abin da ke faruwa a kasuwannin taya na Najeriya da Nijar. Ka ce kana neman inci 14, mai shago ya shiga ciki ya gangaro maka da 195 R 14 C, ya ce: "Alhaji, wannan ai ta fi waccan ƙarfi, ko shekara nawa za ka yi da ita." Bai yi ƙarya ba wajen ƙarfi. Sai dai harafin C ɗin nan na nufin tayar motar kaya ce, irin ta bas ɗin haya. Gefenta a sandare yake don ɗaukar lodi, iyakar gudunta ba ta kai ta motar gudu ba, tsayinta kuma ya doshi milimita 667, kusan kashi 4 sama da naka. Za ta hau wilin, za ta sha iska, amma motar za ta riƙa dukan ƙugunka a kan kowane tsagin titi, birki kuma ya ƙara nisa, musamman in an yi ruwa. Ka yi masa godiya ka wuce gaba.

Wili: ramuka sun yi daidai ba ya nufin ya zauna

A bayan wilin asali za ka tarar da rubutu a jikin ƙarfen, misali 6½J x 14 H2 ET30. Faɗinsa inci shida da rabi, girmansa 14, sai ET30 da za mu zo kansa. Na inci 15 kuma 7J x 15 ET25. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a ce wili na motar nan ne.

Na farko, ramukan noti. Marsandi tana da noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112. Toyota da Honda masu noti biyar galibi 114.3 ne. Bambancin milimita 2.3 ido ba ya ganinsa, shi ya sa wani bakanike zai ce: "Za ta shiga, sai dai a ɗan fafe ramin." Kada ka yarda. Notin da ya zauna a karkace kullum cikin lanƙwasa yake, kuma ranar da zai karye ba ya sallama.

Na biyu, ramin tsakiya. Hob, wato ƙarfen da wili ke zama a kansa, yana da baki mai faɗin milimita 66.6, kuma shi ne ke daidaita wilin a tsakiya. Tsofaffin Audi da Volkswagen suna da 112 ɗin nan, amma raminsu na tsakiya 57.1 ne, ba zai shiga ba. In kuma ramin ya fi hob ɗin faɗi, sai an sa zoben da zai cike gurbin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa komai balansin da aka yi.

Na uku, ET, kuma a nan ne aka fi faɗawa. Lambar tana faɗin nisan da fuskar da ke manne da hob ta yi daga tsakiyar faɗin wilin. In ta ƙaru, wili ya shige ciki wajen shok da ƙarafan ƙafa. In ta ragu, ya fito waje wajen leɓen madigadi. Wilin Marsandi W124, wadda ake kira Bi-but a Najeriya, ya cika kasuwar kayan kwance, inci 15 ne, ramukansa da tsakiyarsa duk sun yi daidai da SL. Amma na farko-farkonsu 6½J ET49 ne. A kan motar da aka yi wa ET30, kowace taya za ta shige ciki da milimita 19, tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu ta ragu da kusan santimita 4, tayar gaba kuma tana iya gogar ƙarfe in an karya kwana. Wilin da ya dace shi ne na babbar Marsandi W126 ta bayan 1985, domin ita ma 7J x 15 ET25 take ɗauka.

In rubutun ya goge, ka auna da kanka. Cire tayar, kifa wilin fuskarsa na ƙasa, ɗora miƙaƙƙen katako a kan leɓensa na baya. Sa rula daga katakon zuwa fuskar da ke manne da hob, ka rubuta. Sai ka auna faɗin wilin daga leɓe zuwa leɓe ka raba biyu. Cire na biyu daga na farko. In ka samu 125 da 95, ET ɗinka 30 ne. Kada ka yi nisa da lambar asali fiye da 'yan milimita, domin fitar da wili waje yana ɗora wa boris nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma kowane rami ka taka sai ya fizgi sitiyari daga hannunka.

Na huɗu, notin kansa. Na Marsandi gindinsa a dunƙule yake kamar rabin ƙwallo, yawancin wilin kasuwa kuwa mazauninsu a tsuke yake kamar mazurari. In aka haɗa su, notin zai kama a ɗan siririn layi ne kawai, ya riƙa kwancewa. Tsawo ma yana da magana: notin wilin alminiyam ya fi na wilin ƙarfe tsawo. In safayarka ta ƙarfe ce, ka ajiye mata gajerun noti biyar a but, domin dogon noti a ƙafar baya yana iya zarcewa ya taɓa kayan birkin hannu da ke ciki.

Me ya sa faɗi ba shi ne riƙo ba

Mutane na ɗauka taya mai faɗi kullum ta fi kama titi. A motar zamani da aka tsara domin ta, haka ne. Tsohuwar mota kuwa tana kwantawa sosai a kwana, ƙafafun baya na SL kuma suna sauya karkata yayin da motar ke hawa da sauka. Taya mai dogon gefe da kafaɗa mai zagaye tana lanƙwasawa ta bi wannan motsin, fuskarta na nan a ƙasa. Mai faɗi da gajeren gefe ba ta lanƙwasawa, sai ɓari ɗaya ya ɗaga, motar ta riƙe ta riƙe, sannan ta saki gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Siririyar taya tana fara kuka tun da wuri, direba ya ji a hannunsa ya sassauta.

Dogon gefen nan aikin gammo yake yi tsakanin titi da mota. Ka cire shi, duk dukan da yake shanyewa zai koma kan shok, da robobin ƙafa, da gangar jikin da ta haura shekara 35 a duniya, ita kuma motar da ba ta da rufin ƙarfe dama ta fi saurin kaɗawa. A hanya mai ramuka, gajeren gefe ne ke sa wili ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙululu. Ga kuma nauyi: babban wili ya fi nauyi, nauyin da ke ƙasan sifirin kuwa shi ne ya fi wahalar da shok. Motar da ba ta da sitiyarin fawa, kamar MGB ta Ingila wadda galibi tayarta ta asali ba ta wuce faɗin 155 ko 165 ba, in ka sa mata 205, fakin kaɗai zai sa ka yi gumi.

Gwaji kafin biya

Ka roƙi mai kaya ya yarda a ɗaura wili ɗaya da tayarsa a ƙafar gaba kafin ka biya kuɗin huɗu. Motar na kan jak, juya tayar da hannu ka saurara, ka leƙa tsakanin wilin da birki ka tabbata akwai sarari. Sauke ta, karya sitiyari har ƙarshe dama, sannan hagu, ka zura hannu ta baya. In yatsanka bai wuce tsakanin taya da ƙarfe ba, a kan hanya za su haɗu. Shafa alli a kafaɗar tayar da gefenta na ciki, ɗauki mutum ɗaya, ku zaga unguwa ku hau tudun rage gudu a karkace. Da kun dawo, haska fitilar waya cikin madigadi. Duk inda ka ga farin alli a jikin ƙarfe, ko wani wuri ya yi sheƙi kamar an goge shi, nan ne take ci. Maimaita a ƙafar baya da kaya a but.

Shekarun taya sun fi zanenta muhimmanci

Irin wannan mota ba kullum ake fita da ita ba, saboda haka tayarta tsufa ke kashe ta, ba gogewa ba. Nemi rubutun da ya fara da DOT, ka dubi lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. In lambobi uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko sabuwa fil take a ido, ba ta hawa titi. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai 5, a sauya ta in ta kai 10 ko da zanenta na nan. A ƙasa mai zafi da rana, ka rage daga wannan, kada ka ƙara. Tayar gwanjo mai zurfin zane da roba busasshiya ita ce araha da ba ta ado. Sabuwa ma ka duba lambarta, domin girman da ba a cika nema ba yakan daɗe a sito.

Wanda ke son motar ta tsaya cif yadda ta fito, akwai kamfanonin da har yanzu suke yin tsofaffin girma da zanen da, amma da robar zamani: Michelin na yin XWX da XAS, Pirelli na yin Cinturato CN36, Vredestein na yin Sprint Classic. Suna da tsada kuma sai an yi oda daga waje, amma sau da yawa kuɗinsu bai kai na sabon wili huɗu da gyaran ɓarnar da zai biyo baya ba.

In motarka wata ce daban

Jaguar E-Type da MGB da yawa suna da wili mai wayoyi irin na keke. Iska na fita ta gindin wayoyin, saboda haka na asali sai da tif, kuma tif ba ya zama lafiya a cikin taya mai gajeren gefe. Wasu motocin Turai na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, ciki har da wasu BMW da Peugeot 504 mai ƙofa biyu da injin V6, sun zo da tsarin TRX na Michelin, wanda ake auna wilinsa da milimita. In ka ga 390 a gefen tayar, ba inci 15 ba ne, domin inci 15 milimita 381 ne, kuma tilasta wa ɗaya hawa kan ɗaya ganganci ne da rai. Porsche 911 Carrera RS ta 1973 ta fito da tayar baya da ta fi ta gaba faɗi saboda injinta a baya yake. Wannan dalili ne na injiniya. SL injinta a gaba yake, ƙafafunta huɗu girmansu ɗaya daga masana'anta, haka za ka bar su, har da safaya.

Bayan an ɗaura

A fara ɗaure noti da hannu, ana tsallake ɗaya ana kama ɗaya, sannan a ƙarasa da sifana mai awo a kan 110 Nm. Kada ka bari yaron mai faci ya hau kan sifana da ƙafa. A yi balansi, a yi saitin ƙafa, a sa iska daidai da takardar da ke cikin murfin tanki, kuma da safe ake auna ta kafin taya ta ɗau zafi. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya. Wilin asali da ka cire kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Wanke su, ka ajiye a inuwa tare da notinsu, domin ranar da za ka sayar da motar, mai sayen da ya san darajarta su zai fara tambaya.